Jinginar Gida A Banki: Alƙalamin Yana Hannun Wa?

Tun bayan sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta yi da 'yan bindiga a ƙarshen shekarar 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, maganar gida da gona ta dawo bakin mutane a Gayam, Kuyello, Kakangi, Randagi da Dogon Dawa. Wanda ya yi gudun hijira yana son komawa gonar ubansa. Wanda ya riga ya saba da zaman Mando ko Rigasa yana son ya sayar da na ƙauye ya mallaki ɗan muhalli a birni. Ana cikin wannan hali ne ake kwaɗaita wa matasa, musamman ƙananan ma'aikata, wai ga hanya mai sauƙi: a je banki a karɓi bashin gida. Kafin wani ɗan'uwa ya dangwala hannu, ya kamata ya san wanda zai rubuta takardar da za ta ɗaure shi shekara 30.

Musulunci bai yi wasa da wannan tambaya ba. Aya mafi tsawo a cikin Alkur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A cikinta Allah (T) ya yi umarni da a rubuta, ya shar'anta cewa marubucin ya zama mai adalci a tsakanin ɓangarorin biyu, sannan ya ba wanda ake bi bashin haƙƙin yin shifta, shi ne zai faɗa a rubuta. In kuwa mai rauni ne ko ba zai iya ba, waliyyinsa ya tsaya masa, a kuma kafa shaidu. Hikimar a fili take. Mai karɓar bashi shi ne mabuƙaci, shi ne ake iya murɗe wa hannu, saboda haka aka sa maganarsa ta zama ita ce abin rubutawa.

To, a dubi yadda tsarin banki ya kifar da wannan ƙa'ida. A ɗauki misalin malamin makarantar firamare daga Gayam, wanda ya ga gida a Kaduna yana so. Banki ba zai saurari mai unguwa ba, ba zai saurari liman ba, ba ruwansa da takardar da aka rubuta a zaure gaban dattawa. Yana da jerin ofisoshin lauyoyi da ya amince da su, daga cikinsu zai zaɓi wanda zai binciki asalin gidan, ya tsara takardar jingina, ya bi ta ofis-ofis. Shi wannan lauya amanar banki ce a wuyansa, kuma ya san ranar da ya saɓa wa banki za a share sunansa daga jerin. Amma kuɗin aikinsa, da kuɗin safiyo, da na mai ƙiyasta darajar gida, da na kan sarki, da na rajista, duk daga aljihun malamin makaranta za su fito. Ashe mutum ne zai sayi igiyar da za a ɗaure shi da ita, ya kuma biya ladan mai ɗaurin.

Wannan al'ada daga Ingila aka kwaso ta. A can ma kowane bankin bashin gida yana da jerin lauyoyinsa, kuma idan lauyan da mai saye ya ɗauka ba ya cikin jerin, sai ya canza shi ko ya biya lauya biyu, nasa da na banki. Abin takaicin ma shi ne, a jihohin Arewa da dama, dokar cinikin gidaje ta Ingila ta 1881 ce lauyoyi ke jingina da ita, alhali su Turawan da suka yi ta sun maye gurbin mafi yawanta tun 1925. A ƙarƙashin irin wannan tsari, takardar jingina takan ba banki ikon sayar da gidan da kansa idan aka gaza biya. Kuma duk wannan da Turancin lauyoyi ake rubuta shi, wanda ko mai digiri sai ya yi gumi kafin ya gane. Ina shiftar mai rauni a nan? Ina adalcin marubuci?

Wani zai ce ai fili na mai shi ne, ya yi yadda ya so. A dokar ƙasar nan ba haka ba ne. A 1903, bayan faɗuwar Sakkwato, Lugga ya yi shelar cewa ikon ƙasa ya koma hannun Turawa da ƙarfin bindiga. Dokar 1910 ta sa filayen Arewa ƙarƙashin Gwamnan mulkin mallaka. Dokar 1962 ta ɗora daga inda ta tsaya. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Filaye, wadda ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun Gwamna, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. Sashe na 22 ya ce mai takardar C of O ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da izinin Gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa dokar ba ɓatacce ne. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda babu wannan izini. Tun daga nan bankuna suka ƙara ƙulle ƙofofinsu da lauyoyi, talaka kuma ya ci gaba da biyan kuɗin kwaɗon.

Kafin zuwan Nasara ƙasar nan ba ta rasa dokar fili ba. Shehu Abdullahi Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. A Risala da Tuhfa, waɗanda alƙalai da ɗaliban zaure ke karantawa, akwai babin ciniki, da na shufu'a, da na jingina. A fiƙihun Malikiyya abin da aka jinginar yana nan mallakar mai shi, mai bin bashi ba ya haɗiye shi don wa'adi ya cika. An ture wannan gefe aka kira shi ci baya, aka kawo wanda gona ke zama aro a hannun jikan wanda ya sare dajin da gatarinsa.

Babbar musibar kuwa ita ce riba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda gwamnatin Babangida ta kafa a 1992, yana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikacin gwamnati, sannan ya ba shi bashi da ruwan kashi 6 cikin 100 a shekara, har zuwa shekara 30. Wannan shi ne ake kira mai rangwame. A yi lissafi. Wanda ya karɓi Naira miliyan 5 a kan wannan sharaɗi zai riƙa biyan kusan Naira 30,000 duk wata, kafin ya gama ya biya sama da miliyan 10 da dubu 700. Ya sayi gida ɗaya ya biya kuɗin biyu. Na bankunan kasuwa kuwa ba a magana. A ayoyin da suka gabaci ayar bashi, Allah (T) ya shelanta yaƙi da wanda ya ƙi barin riba, kuma Manzon Allah (S) ya haɗa mai cinta, da mai ba da ita, da marubucinta, da shaidunta cikin tsinuwa ɗaya. Ɗan'uwan da aka ce ya zo ya sa hannu a matsayin shaida kawai, ya san inda ya tsaya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, laifin ba duka na banki ba ne. A ƙauyuka sakaci ya yi yawa. Ana sayar da gona da fatar baki, shaidun su tsufa su mutu, rikici ya rage wa 'ya'ya. Babban wa ya sayar da gidan gado kafin a raba, ba da sanin mata da marayu ba. Dillali ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ya karɓi la'ada sau biyu. Mafi muni shi ne mai kuɗin da ya ga ɗan'uwansa yana neman kuɗin fansar ɗansa daga daji, ya taya gonarsa da farashin wulaƙanci. Wannan ko da takardarsa ta cika sharuɗɗan kowane lauya, Manzon Allah (S) ya yi gargaɗin cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita a wuya ranar ƙiyama.

Saboda haka aiki ya hau kan matasan da Allah ya ba ilimin boko da na Islamiyya. Duk cinikin gida ko gona da za a yi a Gayam da kewaye, a tsaya a rubuta shi da harshen da mai saye da mai sayarwa suke ji, a ambaci iyakoki huɗu da maƙwabtansu, a karanta a bainar jama'a kafin kowa ya dangwala. Gidan gado a raba shi tukuna, kowane magaji, mace ko namiji, a ji ta bakinsa, abokin tarayya kuma a ba shi haƙƙinsa na shufu'a. In a birni ne, a je hukumar KADGIS a bincika sunan wa ke kan filin, kuma ko an taɓa jinginar da shi, kafin a ba da ko kwabo. Mai saye ya nemi lauyansa na kansa, domin na banki ba nasa ba ne. Bashin ruwa kuwa a guje shi. Akwai adashi, akwai ƙungiyoyin taimakon juna, akwai gini ɗaki bayan ɗaki, akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma a kai takardarsu gaban malami masani ya duba kafin a sa hannu.

Mutanen da suka yi shekaru suna rasa gidajensu a bakin bindiga bai kamata yanzu su rasa su a bakin alƙalami ba. Allah Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya tsare al'umma daga riba da cin haƙƙin marayu.