A koya wa malami kafin a sayi kwamfuta

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta. A 2024 WAEC ta fara hakan da masu rubuta jarrabawa daga waje, sannan a 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta bayyana aniyar mayar da WAEC da NECO baki ɗaya kan na'ura. Ke nan yaron da ke ƙaramar sakandare a Gumel ko Dutsin-Ma yau, kwamfuta zai tarar a gabansa ranar da za a auna karatunsa. Wa zai koya masa, alhali malamin nasa ma ba a koya masa ba? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Annobar korona ta tona mana asiri. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, wasu makarantun kuɗi na birni suka koma Zoom da Google Classroom, na gwamnati kuwa sai darasin rediyo da talabijin. A 2022 ma'aikatar ilimi, da haɗin gwiwar UNICEF da Microsoft, ta buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, mai darussa kyauta har da na Hausa. Yunƙuri ne mai kyau, amma sai an sami malamin da ya san ƙofar shigarsa kafin ya isa aji.

Abin da ake kira horo a jihohinmu ya daɗe yana damun mu. A cika zaure da malamai na 'yan kwanaki, mai bita ya kunna majigi yana zuba Turanci, mutane su yi cincirindo kan kwamfuta guda suna leƙe. Ranar ƙarshe a raba takardar shaida da kuɗin mota, a ɗauki hoto. Sau da yawa ma wanda ya san wani ake turawa, malamin lissafin da ke cikin aji kullum kuwa sai labari. Wanda ya je ɗin ya dawo ya tarar da kwamfutocin makaranta a sito, an danƙara kwaɗo, ƙura ta lulluɓe kwalayen, domin shugaban makaranta yana tsoron kada ɗaya ta lalace a ce ya biya. Kafin zangon karatu ya ƙare, abin da aka koya ya bi iska.

Masu cewa malamanmu ba za su iya ba sun zalunce su. Malamar da ke tura kuɗi ta waya, take kula da adashin unguwa a WhatsApp, ta riga ta iya rabin aikin. Abin da ya rage shi ne a zauna da ita a makarantarta, da wayar da ke hannunta, a nuna mata yadda za ta sauke bidiyon gwajin kimiyya ta haska wa ajin da ba shi da ɗakin gwaji, da yadda za ta shirya tambayoyi a Google Forms sakamako ya fito nan take. A koya mata gane aikin gidan da ɗalibi ya kwafo daga ChatGPT. A kuma ja kunnenta kan watsa hotunan 'ya'yan mutane a intanet, domin amana ce.

Jihar Edo ta gwada wata hanya da shirin EdoBEST tun 2018: an ba malaman firamare na'urar hannu mai ɗauke da darussa, ana kuma bin su aji a ga yadda suke koyarwa. Akwai masu sukar cewa rubutaccen darasi yana mayar da malami mai karanto abin da aka ba shi kawai, kuma sukar tana da nauyi. Amma abin ɗauka a shirin na Edo shi ne bibiyar.

Sai batun aljihu. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, rashin adalci ne a ce ya sayi data ya kuma biya kuɗin caji don aikin gwamnati.

Muna kira ga gwamnoni da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) da kada su ƙara sa hannu a kwangilar sayen kwamfutoci sai an haɗa da sola, da alawus na data, da mai horarwa da zai riƙa zagaya makarantu duk zango. Kwalejojin ilimi da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna su tabbatar ɗalibinsu ya koyar da darasi da na'ura a gaban yara kafin a ba shi shaida. Ku kuma iyaye da ke kwamitocin makarantu, a zamanku na gaba ku nemi a buɗe sito.