Ajin da ke cikin waya

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aiki, ba su janye ba sai bayan wata takwas. A tsawon wannan zaman, ɗalibai da yawa ba su rabu da karatu gaba ɗaya ba, domin sun koma zaurukan WhatsApp. Wani ya ɗauki hoton shafukan littafinsa ya tura, wata ta naɗi muryarta tana warware lissafin da ya gagari ajin, shugaban aji kuma yana ta fama da masu cika zaure da tallan atamfa. Babu wanda ya tsara musu wannan. Larura ce ta koya musu.

Jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, ta daɗe tana haɗa karatu ta intanet da zuwa cibiyoyinta. Sauran jami'o'inmu kuwa har yanzu malamai da dama na kallon zauren ɗalibai a matsayin wurin sanar da ɗage lacca kawai. Muna ganin wannan asara ce. Malamin da zai ware rabin awa a mako ya amsa tambayoyi a zauren, zai shiga aji ya tarar an riga an share masa hanya.

Sai dai kuɗin data. A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibar da ke aron wayar yayanta da dare ba za ta iya sauke bidiyon awa guda ba. Don haka a tura mata saƙon murya da rubutu, kuma majalisar kowace jami'a ta lissafa lokacin amsa tambayoyi a zauren cikin aikin malami.