Ba Lenin Ne Ya Haifi Belarus Ba

Da zarar an ɗauko zancen Belarus, ƙasar nan mai mutane kusan miliyan 9 da ke tsakanin Rasha da Polan, akwai maganar da ke riga kowa shiga majalisa. Wai 'yan gurguzu ne suka ƙirƙire ta. Wai kafin Lenin babu wata al'umma mai wannan suna, sai manoman ƙauye masu wani karin harshe na Rashanci. Mosko ce ta shata musu iyaka, ta gina musu jami'a, ta buga musu littattafai, har ta samar musu kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Masu kewar Tarayyar Sobiyet na faɗin haka da tinƙaho. Shugaba Putin ya faɗi irinta a kan Yukiren kwana uku kafin tankokinsa su tsallaka iyaka a Fabrairun 2022. Har wasu malaman Turai da Amurka da ba sa ga maciji da gurguzu suna maimaita ta, sai dai su sun sa mata rigar ilimi. Ni ban yarda ba, kuma ina ganin maganar tana ɓoye ta'asar da ta fi kyautar girma.

Bari a fara da abin da ba ya musuntuwa. A ƙidayar da daular Rasha ta yi a 1897, kusan rabin mutanen Minsk Yahudawa ne masu harshen Yidish, masu Belarusanci kuwa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Jamhuriyar da 'yan kishin ƙasa suka shelanta ranar 25 ga Maris 1918 ta tashi ne a ƙarƙashin mamayar Jamus, ba ta da rundunar kirki, kuma kafin shekarar ta ƙare shugabanninta sun bar Minsk. Sannan shekarun 1920 ba wasan yara ba ne. An buɗe jami'ar Minsk a 1921, aka kafa Cibiyar Al'adun Belarus a 1922, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya ta ƙasa a 1929. A 1924 aka ƙaddamar da shirin mayar da makarantu da ofisoshi zuwa Belarusanci, har ana yi wa ma'aikata jarrabawar harshe. A 1924 da 1926 Mosko ta yanko yankunan Vitebsk da Mogilev da Gomel daga Rasha ta ƙara wa jamhuriyar Belarus ta Sobiyet. Harsunan hukuma huɗu ne: Belarusanci, Rashanci, Polanci da Yidish. Duk wannan ya faru.

To amma su wa suka cika waɗannan ofisoshi? Daga ina aka samo marubutan littattafan firamare da masu tsara ƙamus? Jam'iyya ba ta ƙera su a masana'anta ba. Jaridar Nasha Niva ta fara fitowa a Vilnius tun 1906, shekara 11 kafin juyin juya halin Oktoba, kuma a shafukanta mawaƙa Yanka Kupala da Yakub Kolas suka yi suna. Vaclau Lastouski ya buga taƙaitaccen tarihin Belarus a 1910. Littafin nahawun da ya daidaita rubutun harshen, Branislau Tarashkevich ne ya wallafa shi a Vilnius a 1918, a wajen ikon Lenin. In ana son a ƙara komawa baya, Francysk Skaryna ya fara buga littattafan Baibul ga mutanensa a Prague a 1517, kuma kundin dokokin daular Lituweniya na 1588 da tsohon harshen wannan ƙasa aka rubuta shi. Mutanen ba su da yawa, gaskiya ne, kuma talakan ƙauye bai gama sanin da zamansu ba. Haka kowane yunƙurin kishin ƙasa a gabashin Turai ya soma, da 'yan malamai da limamai da masu buga jarida.

Ruwa kuma ba ya tsami banza: alherin Mosko yana da dalili. Yarjejeniyar Riga ta 1921 ta raba ƙasar biyu, yamma ta faɗa hannun Polan, wadda ta riƙa rufe makarantun Belarusanci. Mosko na son mutanen can su leƙo ta kan iyaka su ga 'yan'uwansu na karatu da harshensu, zuciyarsu ta karkato gabas. Dabarar ta ci. Lastouski, wanda ya taɓa zama firaministan gwamnatin gudun hijira, ya tattara ya koma Minsk a 1927, aka ba shi jagorancin gidan tarihi, aka sa shi cikin manyan malaman kwalejin kimiyya. Bayan shekara uku aka kama shi.

Nan ne masu cewa "Sobiyet ce ta gina" suke sauri su wuce, nan ne kuma ya kamata a zauna. A 1930 'yan sandan ciki suka ƙirƙiro wata ƙungiya da ba ta taɓa wanzuwa ba, wai ta 'yantar da Belarus, suka kwashe malamai da marubuta da sunanta. Kupala, wanda gwamnati ta naɗa mawaƙin al'umma shekara biyar kafin nan, ya daɓa wa kansa wuƙa bayan an yi ta kiran sa tambayoyi. Bai mutu ba, sai da ya sa hannu a takardar tuba. Usevalad Ihnatouski, shugaban farko na kwalejin kimiyya, ya kashe kansa a 1931. A 1933 majalisar ministoci ta fitar da dokar gyaran rubutu ba tare da muhawarar jama'a ba. Ɗan harafin da ke nuna laushin baƙi a kalmomi irin su "dusar ƙanƙara" aka cire, domin kalmar ta yi kama da ta Rashanci a kan takarda. Har yau 'yan ƙasar sun rabu a kan rubutu biyu saboda wannan doka.

Sai daren 29 ga Oktoba 1937. A kurkukun 'yan sandan ciki da ke Minsk aka harbe mutum fiye da 100 kafin gari ya waye, malamai da jami'ai da marubuta, ciki har da Mikhas Charot da Platon Halavach, da mawaƙan Yidish Izi Kharik da Moyshe Kulbak. An harbe Lastouski a Saratov a 1938. Tarashkevich, wanda Polan ta ɗaure kuma Mosko ta karɓo ta musayar fursunoni a 1933, shi ma a 1938 aka harbe shi. Da Zianon Pazniak da abokan aikinsa suka tona dajin Kurapaty a gefen Minsk a 1988, ramuka suka tarar cike da ƙoƙunan kai masu hujin harsashi a ƙeya, haɗe da takalma da kofuna da tsabar kuɗi, kayan mutanen da suka ɗauka tafiya za a yi da su. Binciken hukuma kansa ya ce aƙalla mutum 30,000 ke kwance a wurin. Wanda ya lissafa jami'a a cikin alherin Mosko, dole ya lissafa malaman jami'ar da ke cikin waɗannan ramuka.

Abin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu bai kai wannan zubar da jini ba, amma ya fi tasiri. Mamayar Hitler ta kashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a, ta shafe Yahudawan birane. Polawa da yawa kuma suka ƙaura. Birane suka zama kufai, sai 'ya'yan manoma suka kwararo aiki a masana'antun tarakta da manyan motoci na Minsk da Zhodino. 'Yan Belarus suka zama mafiya rinjaye a biranensu. Wannan ce gaɓar da harshen ƙauye kan hau kujerar birni, kamar yadda ya faru a Prague a ƙarni na 19. A nan kuwa kuɗin shiga birni Rashanci ne. Tun 1938 aka wajabta shi a kowace makaranta, gyaran ilimi na 1958 zuwa 1959 ya ba iyaye damar zaɓar harshen karatu, kuma wane uba ne zai zaɓa wa ɗansa harshen da jami'a da masana'anta da soja ba sa aiki da shi? An kai lokacin da babu makarantar Belarusanci ko ɗaya a Minsk. A dubi Vilnius: gwamnati ɗaya, jam'iyya ɗaya, zamani ɗaya, amma ta rikiɗe ta koma birnin harshen Lituweniya. Bambancin shi ne Lituweniya ta yi shekara 22 tana cin gashin kanta, daga 1918 zuwa 1940, ta tara malamai da ma'aikatan da tsarkakewar 1937 ba ta kai gare su ba. Da Sobiyet ce mai haifar al'umma, da wadda ta fi daɗewa a hannunta ta fi ƙarfi.

Za a ce ai mutanen da kansu suka zaɓa. A 1995, shekara guda bayan hawan Shugaba Lukashenko mulki, sama da kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a sun yarda a ɗora Rashanci daidai da Belarusanci, aka kuma dawo da tuta mai kama da ta Sobiyet. Haka ne. Amma zaɓin wanda aka yi shekara 60 ana nuna masa cewa harshen kakarsa na ƙauyawa ne, shaida ne a kan waɗanda suka tarbiyyantar da shi. A ƙidayar 2019, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai suka ce da Belarusanci suke magana a gida.

Ban ce al'umma harshe ce kaɗai ba. Svetlana Alexievich da Rashanci ta rubuta littattafan da suka kai ta ga kyautar Nobel a 2015, kuma yawancin dubban masu zanga-zangar da suka cika titunan Minsk a Agustan 2020 Rashanci suke yi. Amma tutar da suka ɗaga fara ce mai jan layi a tsakiya, tutar jamhuriyar 1918 da ake cewa ba ta da wani muhimmanci. Gwamnatin da ta gaji hukumomin Sobiyet ta san inda abin ya samo tushe. A Afrilun 2019 ta aika ma'aikata suka tumɓuke gicciye da dama a Kurapaty. A 2021 kotu ta rushe Ƙungiyar Marubutan Belarus mai zaman kanta da Ƙungiyar Harshen Belarus mai sunan Skaryna, aka toshe shafin Nasha Niva a intanet, aka ɗaure editocinta.