Lahiya Uwar Jiki: Kada a Bari Magani Ya Ƙare

Hilin lahiya na wanga wata zai yi magana bisa maganin da ake komawa karɓa wata-wata, da yadda za a yi kada ya yanke.

Ciwo iri-iri ne. Akwai mai zuwa ya wuce, kamar masassarar cizon sauro: a sha magani kwana 3, a miƙe. Akwai mai daɗewa. Hawan jini, wanda ake ce ma tansiyo, da ciwon sukari, da sida, magani ba ya kashe su. Riƙe su yake yi, kamar dabaibayi ga ƙafar raƙumi. Ranar da anka kwance dabaibayi, raƙumi ya tahi. Maganin farfaɗiya ma shekaru ake yi ana sha. Tarin huka da kuturta kuwa ana warkewa sarai, amma sai an cika watannin da likita ya yanka.

Abin da ke faruwa in an tsaya

Mai tansiyo ya sha ƙwaya wata guda, kai ya bar ciwo, sai ya ce ya warke. Jini kuwa ya koma hawa ba ya sani ba. Manjo na son awo ya zauna ƙasa da 14 da 9. In ya daɗe bisa haka, wata rana ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta lalace. Magidanci guda ya kwanta, gonar gida duka ta kwanta.

Mai farfaɗiya da ke shan gardinal, in ya bari kwatsam, ciwon na iya dawowa da ƙarhi hiye da da. Abin tsoro shi ne ya kada shi bakin rijiya ko kusa da wuta.

Maganin tarin huka wata 6 ne. Wata 2 na farko magani iri 4 ake haɗawa, wata 4 na baya iri 2. Bayan ƴan makwanni tari ya lafa, jiki ya fara cika. Nan ne mutane da yawa ke gudu. Ƙwayar cutar kuwa ba ta mutu duka ba. In ta farfaɗo tana iya ƙin jin maganin farko, sai an nemi wani mai wuya, wanda ba kowane gidan likita ke da shi ba. Kuma mai tarin ya shafa ma matarsa da ɗiyansa.

Maganin kuturta wata 6 ne ko wata 12, gwargwadon irin ciwon. Wanda ya fara da wuri, ya kuma cika, yatsunsa na tsira.

Takardu biyu

Mai dogon ciwo na da takardu biyu. Ta farko karne, inda ake rubuta ciwonsa, da awonsa, da ranar randebu. Ta biyu ordonas, inda likita ke rubuta sunan magani, da ƙarhinsa, da ƙwaya nawa a rana, da kwana nawa. A sa su cikin leda, a aje inda ruwa da gara ba su kaiwa. A aje kwalin maganin da ya ƙare tare da su. In ordonas ta ɓace, kwalin nan shaida ne gaban manjo.

Ranar da ke cikin karne ta watan Nasara ce, ba ta watan sama ba. Saboda haka a roƙi manjo ya faɗi sunan ranar, Litinin ce ko Alhamis, kuma kasuwa nawa ta rage.

Tsohuwar ordonas ba ta aiki har abada. Likita na son ya ga mutum da idonsa, ya auna jini, ya auna nauyi, ya duba sukari. Yaro mai farfaɗiya in ya girma ana iya ƙara mishi magani. Mace mai tansiyo ko farfaɗiya in ta samu ciki, ta gaya ma likita nan da nan, don wani magani bai dace da ciki ba. Kada ta bari da kanta. Likita ne zai sake mata.

Lissahin ƙwaya

Ga inda karatun yaƙi da jahilci ke biyan mai shi. In an ba mutum ƙwaya 30, yana shan 1 kullum, kwana 30 ke nan. In 2 yake sha kullum, kwana 15 ne kawai. In ƙwaya 60 ce, 2 kullum, kwana 30. Katin maganin kuturta na kwana 28 ne, kasuwa 4 daidai.

Ranar da anka karɓo magani, a ware na kwana 7 gehe guda. Ranar da hannu ya kai ga waɗanda anka ware, lokacin komawa ya yi. Kwana 7 ɗin nan su ne na hanya. Ana iya iske gulbi ya kawo, ko amalanke ta lalace, ko manjo ya hita rigakahi cikin ƙauyuka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma mai dogon ciwo tashi da wuri ya kamace shi.

Inda ake karɓa

Ƙaramin ɗakin likita na ƙauye ba ya aje kowane magani. Bisa gare shi akwai CSI, kamar na Korgom, Urafan, Maijirgi, Kanambakashe ko Isawan. Bisa ga CSI akwai babban gidan likita na Tasawa da na Mayahi. Abin da ya gagare su sai Maraɗi. Masu kuturta sun san gidan likita na Danja, kusa da Maraɗi. Tun ranar farko a tambaya: wane wuri ne mahi kusa da gida da za a riƙa karɓa?

Wani lokaci magani na yankewa a CSI. Mai salula ya karɓi lambar wurin, ya kira kamin ya biya kabu-kabu. In babu, manjo ya rubuta ordonas, a kai farmasi ko wurin saida magani mai izinin gwamnati. Gwamnati na da ma'aikatar ONPPC tun 1962, mai sayo magani tana rabawa cikin ƙasa.

Kamin a bar gaban mai saidawa, a duba abu 3. A gwada sunan da ke bisa kwali da na ordonas, baƙi bayan baƙi. A duba lambar ƙarhi: wani kwali an rubuta 5, wani 10, suna ɗaya, ƙarhi ba ɗaya ba. A duba ranar lalacewa. In an ga 06/2029, maganin na da kyau har wata na 6 na shekara 2029. In launin ƙwaya ya sake, a tambaya. Sau da yawa maganin ɗaya ne, gidan da ya yi shi ne dabam.

Tsoho ko marar ƙarhi na iya aiken ɗansa da karne da ordonas, in likita ya yarda. Amma ranar awo aike ba ya yi. Mai tarin huka, alal misali, ana sake duba majinarsa ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6.

Mai tahiya

Bayan kaka samari na tahiya cin rani Kano, Katsina, Agadas, har Libiya da Aljeriya. Da damana makiyaya na yin arewa da bisashe wajen Dakwaro da Tanut. Duk mai shirin tahiya ya gaya ma manjo tun da sauran kwanaki. In hali ya yi, a ba shi na watanni. Mai tarin huka a yi mishi takardar da zai kai gidan likita na inda za shi, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Zahi na lalata magani. Kada a bar shi cikin rana ko kusa da murhu, kuma a nisanta shi da yara. Mai allurar sukari da ba ya da firiji, ya ƙulle kwalbar cikin leda, ya sa cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen rairai, a inuwa.

Azumi ma shiri yake so. Kamin wata ya kama a tambayi likita ko za a iya maida sha ga sahur da buɗa baki. In ba ya yiwuwa, malamai sun san addini ya yi ma marar lahiya sauƙi.

Maganin kasuwa

Ranar kasuwa ana ganin ƙwayoyi shimhiɗe bisa tebur cikin rana. Mai talla ba ya karanta ordonas, launi yake dubawa. A 2017 Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, ta ce cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarhi, magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci. Mai tansiyo da ya sha jabu yana zaune da ciwonsa, yana tsammanin yana magani. Araha ba ta ado. Haka kuma kada a ari ƙwayar maƙwabci don ciwo ya yi kama.

Zancen kuɗi

Maganin tarin huka, da na kuturta, da na sida kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Maganin tansiyo da sukari da farfaɗiya na babba kuwa saye ake yi. A nemi jenerik, wato magani mai sunansa na asali. Aikinsa ɗaya da mai tsada. Tun taron ministocin lahiya na Afirka a Bamako, 1987, shi anka hi sa wa cikin ƙananan gidajen likita.

Da kaka, lokacin da ake ware iri, a ware tiyoyin wake ko gujiya na magani. Jar akuya guda ma na iya zama ta magani. Mata na da asusunsu na Mata Masu Dubara, wanda anka fara a jihar Maraɗi a 1991. Rance daga asusu ya hi kwana 10 babu ƙwaya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wanga hili ga wanda bai iya ba, ya kuma duba karnen tsohon gidansu yau. Allah ya ba marasa lahiya sauƙi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.