HAYA BA SADAKA BA CE

'Yan uwana mata, musamman mu da muke zaune a gidajen haya. Yau kam zan faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda zai ji haushi sai dai ya yi haƙuri.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To a gidan haya wace ce mai ɗakin? Mace ce. Namiji ya yi sammako ya tafi kasuwa ko ofis, sai dare. Ke ce za ki wuni da warin masai da ya cika. Ke ce za ki jera robobi da kwanuka a tsakar ɗaki in ruwan Agusta ya sauko, ki ja katifa gefe, ki rungume yara kina salati kada katanga ta faɗo. In kwata ta toshe sauro ya yi gida, yaro ya kwanta da zazzaɓi, ke ce a layin asibiti. Amma ranar da ake cinikin gidan, daga maigidanki sai dillali sai mai gidan. Babu wanda ya tambaye ki.

Abin takaicin shi ne, daga Kurna har Ɗorayi labarin ɗaya ne. A yi wa mai gida maganar gyara ya ce, "Ai sai bayan damina." Damina ta wuce ya ce siminti ya yi tsada. Amma shekara na zagayowa sai ga ɗan aike, wai Alhaji ya ce an yi ƙari, wanda ba zai iya ba ya tashi, akwai masu so. Haba Alhaji! Siminti ya yi maka tsada, mu masara araha ta yi mana? Ƙarin na mene ne, na yoyon ko na warin?

Mu kuma sai mu yi tsit, wai kunya, wai kada a ce mun yi wa babba rashin ɗa'a. Wallahi kunyar mara kunya asara ce. Haya ba sadaka ba ce, ciniki ne. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa abin da ɗan haya yake saye da kuɗinsa shi ne amfanin gida. To ɗakin da ba a iya barci a cikinsa wane amfani aka sayar mana? Kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Me ya sa in aka ce a rubuta yarjejeniya sai a ce ana zargin mutum?

Ita ma dokar ƙasa ba ta bar ɗan haya a banza ba. Idan ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata 6, mai biyan wata-wata kuma wata 1. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana 7, sannan a tafi kotu. Alƙali ne kaɗai zai ba da izinin a fitar da mutum. Mai gidan da ya cire ƙofa, ko ya yaye kwano, ko ya turo 'yan daba su watso kayanki waje, shi ne ya taka doka, ko da kuwa yana bin ku bashi. A Legas ma tun 2011 suka yi dokar da ta hana karɓar kuɗin da ya wuce na shekara 1 a hannun sabon ɗan haya, ta kuma wajabta ba da rasit. Mu a nan sai a dunƙule kuɗi a miƙa a zaure, shaida ɗaya babu.

Don haka 'yar uwa, kafin ku tare ki lallaɓi maigidanki ki ce, "Baban Abba, don Allah a bar ni in ga gidan nan tukuna." Ki duba rufi, ki leƙa banɗaki, ki ga inda ruwa yake bi ya fita. A rubuta a takarda: nawa ne kuɗin, yaushe za a iya ƙari, wa zai yashe masai, wa zai gyara rufi. Duk sisin da aka biya a karɓi rasit, ki adana shi yadda kike adana gwal ɗinki. In za ku yi gyara da kuɗinku don a cire a haya, mai gida ya sa hannu kafin birkila ya taɓa bango. Kada kuma fushi ya sa ku daina biya, nan ne za ku ba shi wuƙar da zai yanka ku. In magana ta ƙi, ga mai unguwa, in ta fi ƙarfinsa ga kotu.

Ba na cewa duk masu gida azzalumai ne. Akwai masu tsoron Allah, akwai kuma 'yan hayar da suke mai da gidan mutane juji, su tsere da bashi cikin dare. Wannan ma zalunci ne, amana ce aka ci. Amma ku da kuke karɓar kuɗin bayin Allah kuna barin 'ya'yansu ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar azara, ku tuna akwai ɗakin da za a kai kowa ba da kuɗin haya ba, kuma a can za a yi lissafi.

Allah Ya ba kowace mace muhallin kanta, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.