Filin Makaniki: Kafin A Sauke Injin Land Rover

Wasiƙu biyu sun iso mini a watan nan, dukansu a kan magana ɗaya. Tsohuwar Land Rover ta ekklesiya ba ta jan tudu kamar dā, makaniki ya ce sai an sauke inji, dattawa kuma suna tambaya ko su taɓa kuɗin baiko. Amsata ita ce, ku dakata tukuna. Sauke inji shi ne aiki na ƙarshe, gama akwai abubuwa masu araha da yawa da za a duba kafin a kai gare shi.

Motar da ake magana a kanta ita ce Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, mai injin fetur silinda 4, lita 2 da kwata. Tun tana sabuwa ƙarfinta doki 70 ne da 'yan kai, watau ba a yi ta domin tsere ba. Bisa tsauni kuma iska ba ta da kauri, don haka irin wannan inji yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 da aka hau. Jos tana wajen mita 1,200 bisa teku. Direban da ya taso daga Makurdi ya ji motar ta yi sanyi a can, kada ya tsorata.

Da fari a tabbata injin ne ke da laifi. Bayan tafiyar mil biyu ko uku a tsaya, a kai hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta yi zafi fiye da sauran, birkinta yana riƙewa. A duba hambirki kuma, gama nasa gangan yana ƙarƙashin mota a bayan giya, ana yawan manta da shi. In an danna sandar nan mai rawayan kai a cikin laka, sa'an nan aka hau kwalta ba a sake ta ba, motar za ta yi nauyi, tayoyi su ci. In kuwa inji yana ruri a kan tudu amma mota ba ta ƙara gudu, kuloci ne ya cinye, inji lafiyarsa lau.

Ga wani abin da ba ya cin ko kwabo. A kashe inji, yaron mota ya taka totur har ƙasa, kai kuwa ka duba kafireto ka ga ko ya buɗe sarai. Sandunan da ke tsakanin ƙafar direba da kafireto sukan sassauta da tsufa, har a taka duka amma rabi kaɗai ya buɗe. Sifana ɗaya ta isa wannan gyara.

Sa'an nan iska. Matatar iskar motar nan tukunya ce mai baƙin mai a gindinta, shi ke kama ƙura. Bayan hunturu za ka tarar man ya zama taɓo. Mota takan yi baƙin hayaƙi, ta sha fetur kamar raƙumi a bakin rijiya. A wanke tukunyar da kananzir, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana, kada a wuce.

Yanzu a tambayi direba, yaushe take rasa ƙarfin? Wannan tambaya ta fi kowane ƙarfe da ke cikin akwatin makaniki amfani. In ya ce da safe tana tashi lafiya, tana tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma a tsakiyar dogon tudu sai ta yi ta shaƙewa, in an huta kaɗan ta sake tashi, to fetur ne ba ya isa. A gefen inji akwai famfon mai da ɗan kofin gilashi a ƙarƙashinsa. Duba ciki. Ruwa yakan kwanta a ƙasa, tsatsa kuma ja ce. Masu sayen mai a jarka a bakin hanya su suka fi gamuwa da wannan. A wanke kofin da ragarsa, a hura bututun da ya fito daga tanki. In ka buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska, ramin numfashinsa ya toshe. Ina roƙonku, kada a yi aikin nan kusa da fitilar kwai ko mai shan taba, yara kuma su tsaya nesa.

In ya ce kullum haka take, da zafi da sanyi, sai a koma wajen wuta. Tazarar kwantak inci 0.015 ce, tana kuwa rufewa a hankali yadda direba ba zai lura ba sai abin ya yi nisa. Wayoyin fulogi su bi 1, 3, 4, 2. A cire murfin dilko, a murɗa rota da yatsa kaɗan a sake. Ya kamata ta komo da kanta. In ta ƙage, wuta ba ta zuwa da wuri sa'ad da inji ya ɗauki gudu, mota takan yi kasala ta kuma yi zafi. A jera fulogi huɗun bisa tsari a duba su: mai launin ƙasa lafiya, baƙi busasshe fetur ya yi yawa, mai jiƙe da baƙin mai kuwa shi ne abin damuwa.

Tazarar tafet inci 0.010 ce. A nan akwai abin da littattafan dā ba su faɗa ba. An ƙera injin nan a zamanin fetur mai dalma, dalmar kuwa tana kāre mazaunin bawul. Tun 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun bar sayar da irin wannan fetur. In ba a sa mazauni mai tauri a kan injin ba, bawul na hayaƙi yakan nutse kaɗan kaɗan, tazarar ta rufe, ƙarfi ya zube. In an daidaita tafet, bayan 'yan watanni ya sake matsewa, ga dalilin.

Sai duk wannan ya wuce za a auna matsin silinda. Inji da zafi, fulogi duka a waje, totur a buɗe. Lambobi huɗun kada su bambanta fiye da kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In lambar ta hau, zoben fistin ne, sauke inji ya wajaba. In ba ta motsa ba, bawul ne. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Waɗannan biyun kan inji kaɗai ake cirewa, kuɗinsu kuma bai kai na sauke inji ba ko kusa.

Makanikin da ba shi da ma'aunin, ya aro. Ya rubuta lambobin huɗu a takarda, na busasshe da na bayan an zuba mai, ma'aji ya kawo takardar gaban dattawa ran da za a zauna a kan maganar kuɗin.