Gidan John Rolfe: Yadda Aka Mayar da Garkuwa Labarin Soyayya

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, to amma akwai wata ƙaryar da ta shafe shekara ɗari huɗu ana tafiya a cikinta ba a kai ƙarshe ba, domin masu ita sun ɗaura mata aure, sun yi mata 'ya'ya da jikoki. Muna magana ne a kan labarin John Rolfe, Baturen Ingila, ɗaya daga cikin 'yan kaka-gida na farko a Birjiniya ta ƙasar Amurka, da aurensa da Pocahontas, ɗiyar Sarki Powhatan. An zana baftismar yarinyar a ƙaton hoto an rataye a zauren Majalisar Dokokin Amurka tun 1840, kamfanin Disney kuma ya yi mata fim a 1995, ya ƙara wani a 1998 wanda a cikinsa aka fito da Rolfe a matsayin masoyi mai ladabi. Mu dai a namu ganin, wannan labari garkuwa da mutum ne da aka shafa wa lalle, kuma haƙƙi ne a kan duk mai riƙe da alƙalami ya faɗi haka.

Bari mu bi abin daki-daki. Rolfe ya baro Ingila a 1609 tare da matarsa ta fari a jirgin ruwan da ake kira Sea Venture. Guguwa ta farfasa jirgin a tsibirin Bamuda, inda matar ta haifi ɗiya mace wadda ba ta yi tsawon rai ba, ita ma uwar ba ta daɗe ba ta bi ta. A 1610 ya iso garin Jamestown, ya tarar yunwa ta kusa ƙare mutanen wurin. Wajen 1612 ya fara gwada noman wani irin taba mai daɗin hayaƙi da aka samo daga yankin Karibiyan, wadda ta karɓu a kasuwar Landan. Daga baya ya riƙe muƙamin sakatare mai ajiye takardun mulkin mallakar, ya kuma shiga majalisar gwamna. Ba mu musun cewa mutumin ya ga jarrabawa, ba mu kuma musun ƙwazonsa. Inda muka raba gari da masu yabonsa shi ne abin da suke tsallakewa.

A 1613 wani kyaftin mai suna Samuel Argall ya yaudari Pocahontas ta shiga jirginsa, ya riƙe ta domin a tilasta wa mahaifinta ya sako Turawan da ke hannunsa, ya kuma maido da makamai. Kusan shekara guda tana tsare. A cikin wannan tsarewa ne aka koya mata addinin Kirista, aka sauya mata suna zuwa Rebecca, aka aurar da ita ga Rolfe a watan Afrilu na 1614, tana da shekara kamar 18. William Strachey, wanda ya yi sakataren mulkin mallakar kafin Rolfe, ya rubuta cewa tana da miji a cikin mutanenta mai suna Kocoum. To jama'a, wace shari'a ce a duniya ke kiran amincewar wadda ke tsare a hannun abokan gābar ubanta amincewa? Shi kansa angon, a wasiƙar da ya aika wa Gwamna Thomas Dale ta neman izini, ya nuna cewa amfanin mulkin mallakar da darajar ƙasarsa da ceton ran yarinyar ne suka sa shi, ya kuma siffanta tarbiyyarta da ta jahilci, mutanenta da la'anannu. A duk littattafan soyayyar da muka sani, ba mu taɓa cin karo da irin wannan zance a bakin masoyi ba.

Za a ce mana ai auren ya kawo zaman lafiya na shekara takwas. Gaskiya ne, amma wa ya ci ribar zaman? A cikin waɗannan shekaru ne tabar Rolfe ta bunƙasa, har a 1617 aka fitar da kimanin fam 20,000 zuwa Ingila. Taba kuwa shuka ce mai cinye ƙarfin ƙasa cikin 'yan shekaru, don haka kullum manominta neman sabuwar gona yake. Daga 1618 aka fara ba da eka 50 ga duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum guda ya kawo shi Birjiniya. Gonakin wa ake rabawa? Na surukan Rolfe. A 1616 kamfanin da ke da mulkin mallakar ya kwashi Rolfe da matarsa da ɗansu Thomas zuwa Landan, aka yi ta nuna ta a fada da gidajen manya domin masu kuɗi su zuba jari. A watan Maris na 1617, suna haramar komawa, ta rasu a garin Gravesend, aka binne ta a can. Rolfe ya bar yaron a Ingila, ya koma gonarsa, ya yi aure na uku, bai sake ganin ɗan nasa ba har ya mutu a 1622. A wannan shekara ce Opechancanough, wanda ragamar al'ummar Powhatan ta koma hannunsa, ya kai harin da ya kashe Turawa 347, saboda tura ta kai bango.

Akwai kuma abin da ya taɓa mu baƙar fata kai tsaye. Da hannun Rolfe aka rubuta labarin isowar 'yan Afirka ashirin da 'yan kai Birjiniya a watan Agusta na 1619, mutanen da aka sato daga ƙasar Angola ta yanzu, aka yi musayarsu da abinci. Ya rubuta abin kamar mai ƙirga buhunan hatsi. Tabar da ya shigo da ita ce ta ci gumin jikokinsu har tsawon shekara ɗari biyu da ɗoriya.

Sai batun zuriya, wanda nan ne munafuncin ya fi fitowa fili. Thomas ya dawo Birjiniya da girmansa, a 1646 aka ba shi riƙon wata ganuwar soja da aka gina domin tsare iyaka daga dangin uwarsa. Ɗiyarsa Jane ta auri Robert Bolling, daga nan manyan gidajen Birjiniya suka yi ta tinƙaho da jinin "gimbiya", har da Edith Bolling, matar Shugaba Woodrow Wilson. Alhali kuwa tun 1691 Birjiniya ta haramta irin auren da ya haife su. A 1924 jihar ta yi dokar tsare tsarkin jinin farar fata, wadda ta ce Bature shi ne wanda ba shi da ɗigon wani jini ko kaɗan. Da manyan suka ga dokar za ta ci su, sai aka buɗe musu taga: wanda jinin 'yan asalin ƙasar a jikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 16 ba, Bature ne. A daidai lokacin, jami'in rajistar haihuwa na jihar, Walter Plecker, yana goge sunan 'yan asalin ƙasar masu rai daga takardu, yana cewa babu su. An rungumi kaka guda da ke kabari, an shafe dubban jikokin 'yan'uwanta da ke numfashi. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta soke haramcin auren, sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince cewa ƙabilar Pamunkey ƙabila ce, wasu shida kuma a 2018. Ihu bayan hari ke nan.

Masu cewa kada a auna mutumin da da ma'aunin yau, muna tuna musu cewa mutanen Powhatan ma mutanen da ne, kuma tun a lokacin sun san sace ɗiya zalunci ne. Ma'auninsu muke amfani da shi.

Kiranmu ga 'yan'uwa marubuta shi ne, in mun ɗauki tarihin gidan wani ɗan mulkin mallaka, mu tambayi gonar wa ya gina gidan a kai, da kuma wanda aka hana magana a cikinsa. Rolfe ya bar wasiƙu, ita kuwa Pocahontas ko layi guda ba ta bari da hannunta ba. Wanda duk ya cike wannan shiru da kalaman soyayya ya zama marokin wanda ya kama ta. Allah Ya tsare alƙalumanmu daga wannan aiki, amin.